Katunan alamomin kemistiri na 'yan lesin ɗinmu, inda aka kwana

Alhamis, 9 ga Janairu 2025

Toh bismillah. Na ce bari in dinga rubuta yadda aikin nan yake tafiya tunda malamai 'yan uwana suna ta tambayata a WhatsApp, ni ma in samu inda zan dinga leƙawa in ga ina aka kwana. Aikin shi ne kafin 'yan matan lesin ɗinmu na nan Gwammaja a Kano su shiga WAEC ina so mu haɗa katuna na kwali, duk wata alama da ake gani a ikweshin ɗin kemistiri ta samu katinta, a gaba alamar da maka ɓaro-ɓaro, a baya bayaninta da Hausa da misali guda, in Allah ya hore kuma daga ƙarshe mu tattara su a ɗan littafi a yi fotokofi a raba. Lesin ɗin Alhamis da Juma'a ne bayan la'asar tunda su ne ranakun da babu Islamiyya, a soron gidanmu muke yi, yawanci 'yan SS2 da SS3 ne.

Abin da ya tunzura ni, yarinya za ta rubuta miki CaCO₃ → CaO + CO₂ tsaf babu kuskure ko ɗaya, amma ki ce mata toh me ya faru a nan, me aka ɗauka, me aka yi masa, me ya fito, sai ta sunkuyar da kai. Hadda ce zalla. Yaranmu wallahi Allah ya ba su hadda, amma ikweshin ba su da iyaka, ba mai iya haddace su duka, ranar da mai tsara tambaya ya canza abu ɗaya shikenan an rasa makin. Alhali ikweshin magana ce aka taƙaita, kowane ɗigo da kowace 'yar lamba akwai abin da suke faɗa, kuma alamomin gaba ɗayansu ba wani yawa ne da su ba. Saboda haka dokar soron nan daga yau, duk ikweshin da aka rubuta a allo sai wata ta miƙe ta karanta shi da baki da Hausa kafin kowa ta taɓa biro.

Yau mun yi katin + da katin kibiya →. Alamar + in tana hagu da kibiya ki karanta ta "ya haɗu da", in tana dama ki ce "da kuma", ba tarawa ba ce irin ta darasin lissafi. Kibiya kuwa "suka ba da" ko "ya koma". Duk abin da yake hagu da kibiya kayan da aka zuba ne, abin da tsininta yake nunawa shi ne abin da ya fito. A wasu tsofaffin littattafai za ku ga = a gurbin kibiya, amma kibiyar ta fi faɗin gaskiya don tana nuna daga ina zuwa ina.

Juma'a, 17 ga Janairu

Sanyi ya sauka sosai, soron duk ƙura, kowa ta zo da suwaita a ƙarƙashin hijabi. Haruffa muka yi.

Ƙa'idar gajeriya ce: babban harafi shi ne farkon sabon sinadari, ƙaramin harafi kuwa ba ya tsayuwa shi kaɗai, na babban da yake gabansa ne. NaCl babban harafi biyu, N da C, kenan sinadari biyu ne, Na da Cl, sodiyam da kulorin, gishirinmu na miya. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Berzelius ne ya kawo wannan tsarin na haruffa wajajen 1813, kafin nan Dalton na Ingila da'irori yake zanawa, kowane sinadari da irin zanen da ke cikin da'irarsa. Da yake daga sunayen Latin ya ɗebo haruffan shi ya sa wasu ba sa tafiya da sunan da aka sani, sodiyam Na, fotashiyam K, ƙarfe Fe, dalma Pb, azurfa Ag, zinare Au. Waɗannan kam hadda ce ba makawa, kati guda muka ware musu.

Inda na tsaya na daɗe shi ne Co da CO, kuma da gangan na tsaya. Co kobal ne, wani ƙarfe. CO kuwa babban harafi biyu, kabon da oksijin, ita ce iskar nan da take kashe mutane a ɗaki. In gawayi yana ci a inda iska ba ta wadata ba, maimakon C + O₂ → CO₂ sai a samu 2C + O₂ → 2CO, kuma ita CO ba ta da wari ba ta da launi, jini kuma yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau ɗari biyu da wani abu, mutum yana barci yana shaƙa har ya wuce. Hayaƙin janareta ma tana ciki. Na ce musu dan Allah yau in kun koma gida ku duba, in akwai mai shiga da kaskon wuta ɗaki a rufe ƙofa da taga a kwanta, ko mai kunna janareta a lungun da ba iska, ku yi magana ko da Baba ne, cikin ladabi amma ku yi. Wata ta ce "Anti a gidanmu kullum da kasko kakarmu take kwana." Na roƙe ta ta dinga fitar da shi kafin tsohuwar ta yi barci, ta ƙara mata bargo. Wannan katin da jan maka na rubuta shi.

Alhamis, 23 ga Janairu

Yau ne babban aiki, lambobi, kuma a ganina nan ne yawancin maki yake zubewa.

Lamba iri biyu ce. Akwai 'yar ƙarama da take maƙale a ƙasan harafi ta dama, kamar 2 ɗin H₂O, akwai babba da take tsaye a gaban abun gaba ɗaya, kamar 2 ɗin farko a 2H₂O. 'Yar ƙaramar tana faɗin yadda aka gina abun ne, haidurojin biyu oksijin ɗaya, in babu lamba ɗaya ake nufi. Babbar kuma tana faɗin guda nawa aka kawo. Na rasa yadda zan sa abin ya zauna sai na ce su leƙa titi su dubi adaidaita sahu. Tayarta uku, wannan ita ce 'yar ƙaramar lamba. Adaidaita nawa ne a layi, wannan ita ce babbar lamba. Kina da ikon ki ce a kawo biyu ko biyar, in biyar ne taya goma sha biyar kenan, amma ranar da kika ce tayar ta koma huɗu toh kin tashi daga adaidaita kin koma mota, in ta koma biyu babur ne.

Sai muka ɗauki H₂ + O₂ → H₂O. Hagu oksijin biyu, dama ɗaya, bai daidaita ba. Kusan rabinsu abin da suka fara yi shi ne ƙara 'yar 2 a ƙasan O, ya zama H₂O₂, lissafi ya fita kuma suna murna. Na shiga ciki na ɗauko kwalbar haidurojin ɗin nan ta kemis da ake wanke ciwo da ita, wadda take kumfa in an zuba, na juya musu bayanta na ce ga H₂O₂ nan, wa za ta sha? Aka yi ta dariya amma saƙon ya shiga. Hanyar da take daidai ita ce a taɓa manyan lambobi kawai, 2H₂ + O₂ → 2H₂O, haidurojin huɗu hagu huɗu dama, oksijin biyu hagu biyu dama.

Wata 'yar SS2 mai yawan tambaya, ina son tambayoyinta, ta ce "toh Anti wai dole ne sai ya daidaita, in an bar shi haka me zai faru?" Dole ne, saboda atom, wato ƙwaya mafi ƙanƙanta ta sinadari, ba ya ɓata kuma ba ya faɗowa daga sama, wurin zama kawai yake canzawa. Lavoisier ɗan Faransa ya yi ta awo a sikeli kafin da bayan haɗi har ya rubuta wannan ƙa'idar a littafinsa na 1789. Giram 4 na haidurojin da giram 32 na oksijin giram 36 na ruwa za su ba ki, ba ƙari ba ragi. In kika ƙona itace kika ga toka 'yar kaɗan, sauran bai ɓata ba, ya tashi sama ne a hayaƙi da tururi. Ikweshin da bai daidaita ba yana faɗin abin da bai taɓa faruwa ba ne.

Magariba ta kama mu ba mu gama ba, na ba su guda biyar su je da su gida, har da na tsatsa, Fe + O₂ → Fe₂O₃.

Juma'a, 31 ga Janairu

Na tsatsa ya ba su wuya amma da yawa sun kawo 4Fe + 3O₂ → 2Fe₂O₃. Alhamdulillah.

Baka da ɗigo yau. Lambar da take wajen baka tana ninka duk abin da yake ciki, Ca(OH)₂ oksijin biyu haidurojin biyu, ba haidurojin kaɗai ba. Al₂(SO₄)₃, sinadarin da matatun ruwa irin su Tamburawa suke sawa don laka ta kwanta, alminiyam 2, salfa 3, oksijin 12.

Amma misalin da ya fi yi min daɗi daga buhun taki ya fito. Yayanmu yana noman rani a wajen Kura, akwai wani tsohon buhun yuriya da Umma take zuba gawayi a ciki, na zazzage na shimfiɗa shi a ƙasa a tsakiyarsu, a jikinsa an rubuta 46% N. Na ce yau za mu gano daga ina 46 ɗin nan ta fito. Yuriya ita ce CO(NH₂)₂. Kabon 12, oksijin 16, cikin baka naitirojin 14 da haidurojin biyu ya zama 16, sau biyu 32, jimla 60. Naitirojin ɗin ciki guda biyu ne saboda lambar wajen baka, 28 kenan, 28 cikin 60 ya ba da kashi 46 da ɗoriya cikin ɗari. Wallahi sai da soron ya yi tsit, wata ta sake danna kalkuleta da kanta ta ce "Anti ashe da gaske ne abin nan." Wadda ta manta da bakan nan 14 za ta samu, lissafinta ba zai taɓa haɗuwa da na buhu ba.

Ɗigon tsakiya kuma, kamar a CuSO₄·5H₂O, ba sau ba ne irin na lissafi, yana nufin "ɗauke da", ruwa ne da yake zaune a cikin ƙwayar gishirin ko da kin gan shi a bushe. Shi ya sa shuɗin nan in aka gasa shi yake komawa fari, ruwan ne ya fita. Kanwarmu ma yawancin abin da ke cikinta haka ake rubuta shi, Na₂CO₃·NaHCO₃·2H₂O.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Ƙananan haruffan cikin baka, guda huɗu ne: (s) abu mai tauri ko gari, (l) abin da yake ruwa-ruwa shi kansa, (g) iska, (aq) abin da aka narkar a cikin ruwa. Uku ba matsala, rikicin yana tsakanin (l) da (aq). Gishirin da kika zuba a kofin ruwa kika juya NaCl(aq) ne. NaCl(l) kuwa gishiri ne zalla da wuta ta narkar da shi, sai zafi ya kai digiri 801 kafin hakan ya faru, ba a murhun gida ba. Ruwa shi kansa H₂O(l), ƙanƙara H₂O(s), tururi H₂O(g). Kuma WAEC suna son tambayar HCl(g) da HCl(aq), busasshiyar iskar ba ta canza busasshiyar takardar litmos, wato takardar gwajin asid, sai ta shiga ruwa take nuna halinta na asid.

Yara suna tsallake waɗannan haruffan kamar ado ne, alhali wani lokacin amsar tambayar gaba ɗaya a cikinsu take.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Wannan satin na fi jin daɗinsa tunda muka fara. Ina so su ga kibiya mai kallon sama ↑ da mai kallon ƙasa ↓ da idonsu, mu kuma ba mu da lab, yawancinsu ma a makarantunsu sai gab da jarrabawa ake shiga da su.

Ta sama mai sauƙi ce, na daka kanwa na zuba a kofin gilashi, ƙanwata ta matsa lemon tsami a kai, nan take ya hau kumfa yana tsiii, na ce kumfar nan ita ce CO₂↑, iska ce ta fita ta bar kofin. Ta ƙasa ce take buƙatar ruwan laim, wato Ca(OH)₂ da aka narkar a ruwa, sai na tuna da dattijon da yake waldar gas a bakin titinmu, mai gyaran bodin mota. Na je na gaishe shi, na ce "Baba dan Allah farin taɓon nan da kuke zubarwa daga tukunyar kabaid nake so a ɗan sam min." Ya kalle ni ya ce "Malama me za ki yi da wannan dattin?" Da na gaya masa na yara ne sai ya ajiye abin hannunsa ya buɗe min tukunyar, ya nuna min inda ake sa dutsen kabaid, da inda ruwa yake ɗiga a kansa, da tiyon da gas ɗin yake bi har ya haɗu da na kwalbar oksijin a bakin tocin, ya ce in taɓa jikin tukunyar, da zafi rau. Ya ce in ruwa ya yi yawa lokaci guda gas ɗin yana taso wa mutum da ƙarfi, shi ya sa ake sakinsa kaɗan-kaɗan. Na rubuta masa a bayan kwali CaC₂(s) + 2H₂O(l) → Ca(OH)₂(aq) + C₂H₂(g) na karanta masa: dutsen kabaid ya haɗu da ruwa, suka ba da laim da kuma gas ɗin da kuke walda da shi. Ya ce "toh ai wannan shi ne aikina tun ina saurayi, ashe haka ake rubuta shi." Ya ɗebo min wanda ya daɗe a zube, ya ce sabo yana iya kasancewa da sauran gas, kuma in kula kar ya shiga idon yara.

Na jiƙa shi a bokiti tun ranar Laraba, ya kwanta, na tsiyaye ruwan saman garau a kwalba. Yau na zuba a kofi na ba wata tsinken shan lemo na ce ki hura a hankali, hurawa kawai banda zuƙa. Tana hurawa ruwan ya fara yin hazo, can sai ya koma fari kamar an ɗiga madara, muka ajiye shi gefe, kafin mu tashi farin gari ya kwanta a gindin kofin. Ca(OH)₂(aq) + CO₂(g) → CaCO₃↓ + H₂O(l). Kibiyar ƙasa tana cewa wani abu da ba ya narkewa ya fito daga cikin ruwan ya kwanta, daidai take da a rubuta (s), kamar yadda ta sama take daidai da (g). A kofi na biyu na bar wata ta yi ta hurawa ba tsayawa har farin ya fara washewa, don in CO₂ ta yi yawa sai ya koma Ca(HCO₃)₂ wanda shi yana narkewa, ita ma tambaya ce da take yawan fitowa.

Da na rubuta Zn(s) + 2HCl(aq) → ZnCl₂(aq) + H₂(g) wanda ba mu taɓa yi ba, wata da ba ta cika magana ba ta miƙe ta ce ƙarfen zink ya haɗu da asid na cikin ruwa kashi biyu, zink ɗin ya narke ya shiga ruwan, iskar haidurojin ta tashi, kenan za a ga kumfa kuma ƙarfen zai dinga raguwa. Ban gaya mata za a ga kumfa ba, daga (g) ɗin ta ciro.

Wannan kabaid ɗin dai shi ne wanda wasu suke nuka ayaba da mangwaro da shi, NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kai saboda dattin da yake tattare da shi mai cutarwa ne. Na faɗa musu don su sani.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Abin da ake rubutawa a saman kibiya ko ƙasanta. Ƙa'ida: duk abin da ya hau kan kibiya ba ya cikin kayan da ake ƙirgawa, sharaɗi ne, yana faɗin yadda aka yi abin ya faru. 'Yar alwatikar nan Δ a kan kibiya tana nufin an sa wuta. Dutsen laim, wato CaCO₃, ba ya fashewa ya ba da CaO da CO₂ haka kawai, sai an gasa shi wajen digiri 900, kuma wannan shi ne matakin farko a kamfanonin siminti irin na Obajana da Ashaka da Kalambaina ta Sakkwato, kowane giram 100 na dutsen yana ba da 56 na laim, 44 kuma ya tashi iska. In kuma sunan wani sinadari ne a kan kibiyar, kamar MnO₂ a 2H₂O₂ → 2H₂O + O₂, toh yawanci katalis ne, yana hanzarta aikin amma a ƙarshe yana nan yadda yake, shi ya sa ba a sa shi hagu ba a sa shi dama.

Sai dai alwatikar tana da aiki na biyu, in ta zo a ƙarshen layi tare da H, wato ΔH, nan ba tana cewa a sa wuta ba ne, tana faɗin zafin da aka samu ko aka kashe. Mai alamar ragi zafi ya fita, irin tukunyar Baba mai walda. Mai alamar ƙari zafi aka sha, irin gasa dutsen laim, +178 kJ, kJ ɗin ma'aunin zafin ne. Kati biyu daban na yi musu kar su haɗe.

Azumi jibi ko gata in an ga wata, mun yi sallama da soro sai bayan sallah, za mu koma WhatsApp.

Asabar, 8 ga Maris

Allah ya karɓi ibadunmu. Lesin ta waya akwai wahala, ba kowa ce da waya ba, yawanci ta iyayensu mata ce sai bayan tarawi suke samu. Babbar matsalar ma rubutun ne, kibod ɗin waya ba ya sauke lamba ƙasa ko ya ɗaga ta sama cikin sauƙi, kuma mun shigo darasin caji, wato alamar ƙari ko ragi da ake sawa a saman harafi. In yarinya ta turo SO42- ba mai gane ina 4 ta tsaya ina 2 ta fara, wata ma arba'in da biyu ta karanta. Daidai shi ne SO₄²⁻, 4 a ƙasa adadin oksijin, 2 da ragi a sama caji. Lambar sama ta dama ba ta ƙirga atom ko kaɗan, tana faɗin ilektiron nawa, wato 'yan ƙwayoyi masu cajin ragi da suke cikin atom, aka rasa ko aka samu, Ca²⁺ kalsiyam ɗaya ne da ya ba da ilektiron biyu, ba kalsiyam biyu ba. Kuma caji ma sai ya daidaita hagu da dama, Zn → Zn²⁺ + 2e⁻, ƙari biyu da ragi biyu sun tashi babu, daidai da hagu. Na ce kowa ta rubuta a takarda ta ɗauki hoto ta turo, ni kuma ina amsawa da murya.

Lahadi, 16 ga Maris

Kibiya mai kai biyu ⇌. Na yi musu dogon saƙon murya bayan sahur don na san nan akwai ruɗani. Da yawa suna ɗauka tana nufin rabi ya koma rabi ya tsaya, ko kuma aikin ya mutu a tsakiya. Ba haka ba ne, tana nufin ana tafiya gaba ana dawowa baya a lokaci guda, har a kai inda saurin tafiya da na dawowa suka zo ɗaya, daga waje sai ki ga kamar ba abin da yake motsi alhali a ciki ba a tsaya ba. Na ce da buɗa-baki kowa ta dubi kwalbar lemo mai gas kafin a buɗe, ruwan shiru ba kumfa, amma CO₂ tana fita daga ruwan zuwa wuyan kwalbar wata tana komawa, CO₂(aq) ⇌ CO₂(g). Kina buɗe murfi kin ba ta hanya, mai fita ba ta dawowa, sai kumfa ta taso. Van 't Hoff ɗan ƙasar Holan ne ya fara sa kibiya biyu a littafinsa na 1884.

Misalin jarrabawa kullum shi ne N₂(g) + 3H₂(g) ⇌ 2NH₃(g), ΔH = −92 kJ, da Fe a kan kibiya, zafi wajen digiri 450, matsi wajen 200 atm, wato ninki 200 na matsin iskar da muke ciki. A layi ɗayan nan kusan duk katunanmu sun hallara, babbar lamba, 'yar ƙarama, (g), katalis, ΔH, kibiya mai kai biyu, shi ya sa na ce kowa ta turo min karatunsa da muryarta. Fritz Haber ne ya nuna hanyar a Jamus a 1909, Carl Bosch ya mai da ita ta masana'anta aka buɗe ta farko a Oppau a 1913. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce amma masara da shinkafa ba sa iya ɗaukarta a haka, sai an mai da ita amoniya, daga amoniya kuma ake yin yuriyar buhun nan da muka shimfiɗa, wadda yanzu ake yin ta a nan ƙasar a Lekki da Eleme. Kuma wadda ta iya karanta layin za ta amsa tambayar da take biyo baya ba tare da hadda ba: hagu kashi huɗu na iska, ɗaya na N₂ uku na H₂, dama biyu, toh in an ƙara matsi abin zai karkata dama inda ba cunkoso. ΔH ragi ne, kenan in zafi ya yi yawa amoniya raguwa za ta yi, 450 ɗin sulhu ne tsakanin sauri da yawa.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Barkanmu da sallah, mun dawo soro, zafi kuma ya zo da ƙarfinsa, sai da Umma ta sa aka kawo mana randa.

Maganar littafi. Na kai rubutun wani shagon kwamfuta a buga, da na karɓo gwajin farko duk ƙananan lambobin sun hau layi, H₂O ya zama H2O, CO guda ya koma Co, kibiya mai kai biyu wani wurin ta fito ɗan akwati wani wurin an sa ↔ wadda ita ma'anarta daban ce a kemistiri. Yaron shagon ba laifinsa ba ne, ba fanninsa ba ne, ya ce "Anti ai duk ɗaya ne na ga." Na zauna kusa da shi muka bi layi-layi, na nuna masa inda ake sauke lamba da ɗaga ta a Word, muka mai da shi PDF kafin a buga don kar wata kwamfutar ta sake hargitsa shi. Malamai masu kai tambayoyin jarrabawa a buga musu, dan Allah ku dinga dubawa da kanku kafin a yi fotokofi, yaro yana ganin abin da aka buga ya ɗauka shi ne daidai.

Inda muke yanzu: katunan +, kibiyoyi huɗu, haruffa, lambobi, baka, ɗigo, (s) (l) (g) (aq), Δ da ΔH duk sun kammala kuma suna rataye a igiya a soro. Katin caji ban gamsu da shi ba tukuna, bayanin ya yi tsawo, 'yan SS2 suna ɓacewa a tsakiya, zan raba shi biyu. Saura [O] da [H] na cikin baka mai kusurwa da suke fitowa a ɓangaren oganik, wato na sinadaran kabon, kamar C₂H₅OH + 2[O] → CH₃COOH + H₂O, inda ake nufin oksijin ɗin daga wani sinadari ya zo ba sai an rubuta shi duka ba. Kafin mu yi shi ina so su fara ganin aikin oksijin da ido, kuma ba inda ya fi marinar Ƙofar Mata, inda ake tsamo zane daga rijiyar baba yana kore-kore, iska tana bugunsa ya juye shuɗi a hannun marini. Na rubuta wa iyaye takardar neman izini, waɗanda aka bari za mu je Asabar ta sama da safe kafin rana ta yi zafi, yayanmu ya ce zai raka mu. Mai son PDF ɗin ya yi min magana bayan na gyara katin caji, ba na so ya fita da saura.